Lambar Sirrin Kwarin Gawo

Duk wanda ya ce muku babu sabis a Kwarin Gawo, ƙarya yake yi. Akwai sabis, sai dai a sama yake. Garin yana cikin kwari ne tsakanin Kunci da Tsanyawa, saboda haka in sabis ya taso sai ya wuce ta saman kawunan mutane kamar shirwa. Ba ya sauka ko'ina sai a kan reshe ɗaya na wani tsohon gawo da ke tsakiyar gonar Malam Jaji.

Mutanen garin kuwa ba su da girman kai. Tun da sabis ya ƙi saukowa, sai suka riƙa aika masa da wayoyinsu. Aka rataya igiya a reshen, aka ɗaura guga. Mutum ya zo ya sa wayarsa a ciki, ya ja sama, ya zauna a gaisa, sannan ya sauko da ita cike da saƙonni. Sauran garuruwa ƙasa suke zura guga, su kuwa sama suke zurawa. In kira ne, sai a buɗe sifika, a ja gugan da sauri, a tsaya a ƙasa ana ɗaga murya. Shi ya sa mutumin Kwarin Gawo ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne.

Ana nan lafiya, sai wata bazara wani mutum mai zaƙin murya ya kira Dagaci Abdulkabir. Ya ce daga kamfani yake, za a rufe layin dagaci in bai karanto masa wata lamba da aka turo ba. Dagaci ya sa aka sauko da guga, ya duba lambar, aka mayar da guga sama, ya gyara tsayuwa ya kwarara ta da ƙarfi, har ya maimaita don kada bawan Allah ya wahala. Kafin azahar, surukansa na Ɗambatta sun sami saƙo da sunansa cewa yana kwance babu abin sawa a baki, a taimaka. Washegari suka iso da ƙwaryar gero da tsofaffin riguna, suna yi masa sannu, suka tarar da shi yana cin ɗanwake da mai.

Dagaci ya yi kwanaki bai fito zaure ba. Ran da ya fito, ya tara dattawa.

"Kunyata ta wuce," in ji shi. "Abin da ke gabanmu ya fi ta. Bana ta waya za a turo saƙon taki. Kowane magidanci za a aiko masa da lambarsa da ranar karɓa a Kunci. Wanda ya rasa saƙonsa ya rasa takinsa. In ɓarayin nan suka riga mu, me za mu zuba wa gero?"

Sai aka ji gyaran murya daga bakin ƙofa.

Sama'ilu ne. Shi dai ya taɓa yin gadin wani shagon kwamfuta a birnin Kano. Bai taɓa danna ko ɗaya ba, amma ya daɗe a bakin ƙofa iskar fankarsu tana dukansa, kuma a ganinsa ilimi ta iska yake shiga.

"Allah ya ja zamanin Dagaci," ya ce, "jiya na ji masana a rediyo suna kuka, wai ƙananan ƙasashe ba za su iya kare kansu daga 'yan kutse ba. Dariya na yi har rediyon ta faɗi. Ba su same ni ba ne. Mu ma nan ƙasa ce ƙarama. Ga shugaba, ga talakawa, ga masu surutu." Ya nuna Malam Jaji. "Kuma mun fi manyan ƙasashe sa'a. Su ta ko'ina ake shigo musu. Mu iyakarmu reshe ɗaya ce."

"Reshen nawa ne," in ji Malam Jaji.

"Daga yau na ƙasa ne."

"Ƙasar ce ta shuka shi?"

"Baba Jaji, kai ma ba kai ka shuka shi ba. Akuya ce ta kasayar da shi."

Dagaci ya ɗaga hannu. "Sama'ilu, in takin nan ya shigo garin nan lafiya, zan naɗa maka rawani. Sarkin Tsaro."

Sama'ilu ya koma gida yana tafiya kamar rawanin ya riga ya hau. Matarsa Hure tana tankaɗe a tsakar gida.

"Hure, ki fara koyon yi mini magana a durƙushe."

"Me ka fasa kuma?"

"Ƙasa aka damƙa mini."

"Wacce? Ta gonarmu da ko taki ba ta gani ba bara?" Ta buga rariya. "Malam, ni abu ɗaya na sani. A wayarka saƙon gidan nan zai shigo. In ka yi wasa da shi, rawanin za mu dafa."

"Tawa wayar ai ta fi ta kowa tsaro. Inda zan ajiye ta, ko aljani sai ya nemi izini."

Da safe ya tara 'yan sintiri, aka sari ƙaya aka zagaye gawon da shinge, aka bar ƙofa ɗaya. Sama'ilu ya kafa kujera a bakinta, da gora a hannu da tabarau baƙi a ido. Duk wayar da ta sauko daga sama sai ya karɓa, ya girgiza ta a kunne, ya sansana.

"Wannan akwai warin baƙo a jikinta."

"Daddawa ce," in ji mai wayar. "A aljihu ɗaya na sa su."

"Haka suke shigowa. Wuce."

'Yan sintiri kuwa ya umarce su su riƙa kaɗa gora a iska a ƙarƙashin reshen, don in ɗan kutse yana saukowa ya gamu da ita. Ranar farko suka sami nasarar fasa goshin junansu.

To, lokacin zubar 'ya'yan gawo ne, kuma babu akuyar da ta san an kafa iyaka. Suka zo kamar kullum, suka tarar da ƙaya, suka bi ta tsakanin ƙafafun jami'an tsaro. Wata jar akuyar Malam Jaji ta kama bakin igiya ta ja, gugan ya yi ƙasa ya sauka a kan Sama'ilu daidai lokacin da yake bayani a kan sa ido.

Ya miƙe yana dafe da kai. "Kun gani? Ta san inda za ta ja! Wa ya koya mata? A kama su duka!"

Aka rufe ƙofar shinge da awakin a ciki. Duk wadda ta ƙara zuwa aka tura ta. Kafin la'asar rabin awakin gari suna tsare.

Malam Jaji ya iso yana huci. "Sama'ilu, sakar mini dabbobi."

"Ana bincike."

"Binciken me? Akuya ce!"

"Ta taɓa zuwa kasuwar Ɗambatta ko ba ta taɓa ba?"

"Na kai ta, ba ta yi daraja ba na dawo da ita."

"Da wa da wa ta gana a can?"

Malam Jaji ya juya ya tafi yana salati. Fursunonin kuwa ba su taɓa jin daɗi irin wannan ba. Ga inuwa, ga 'ya'yan gawo suna faɗo musu a baki, ga mata suna kawo musu ruwa suna tsine wa mai gadi. Suka yi ta ci, suna yin abin da mai ci yake yi, har ƙasar wurin ta fara tudu.

Ana cikin haka Sama'ilu ya gano wata ɓaraka. Lambobin da mutane ke kulle wayoyinsu da su duk na banza ne. Wani ɗaya-ɗaya-ɗaya-ɗaya, wani shekarar da ya yi aure, wani ma bai san ana kullewa ba.

"Rundunar da kowa ke sa rigar da ya ga dama ba runduna ba ce," ya gaya wa Dagaci. "Lamba ɗaya za a yi wa gari duka. Mai ƙarfi. Tara, biyu, tara, bakwai. Ko ni da na ƙirƙiro ta sai da ta ba ni tsoro."

Dagaci ya amince. Amma a Kwarin Gawo akwai al'ada tun kakanni: umarnin dagaci ba ya zama umarni sai sanƙira ya yi shelarsa a kunnen kowane baligi. Ko hana kiwo a gona ne, in Iliyasu sanƙira bai kwarara ba, ba a hana ba. Aka kira Iliyasu. Shi kuwa mutum ne da Allah ya yi wa murya, har ana cewa in ya yi atishawa kaji suna daina ƙwai.

Ya zaga gari da gangarsa, ya tarar rabin magidanta sun tafi cin kasuwar Tsanyawa. Iliyasu ba ya barin aiki rabi. Ya hau bayan babur ya bi su.

A tsakiyar kasuwa, tsakanin 'yan hatsi da 'yan tumaki, ya hau kan buhu ya buga ganga.

"Jama'ar Kwarin Gawo kaɗai nake wa magana! Sauran ku toshe kunnuwanku! Dagaci ya gaishe ku! Ya ce lambar sirrin gari ita ce tara, biyu, tara, bakwai! Tara, biyu, tara, bakwai! Sirri ne! Wanda ya gaya wa wani, ya kuka da kansa!"

Wata mai ƙosai ta ce ba ta ji ta ƙarshen ba. Ya maimaita mata.

Kafin a tashi kasuwa, kwandastocin bas suna kiran fasinja da ita. Masu talla suka sa mata waƙa. A cikin gari kuwa, abin da ya biyo baya ya fi kutsen waje muni, domin yanzu kowa yana iya buɗe wayar kowa. Malam Jaji ya daɗe da hana dafa nama a gidansa, wai likita ya ce ko ƙamshinsa kada ya shaƙa. Ranar iyalinsa ta buɗe wayarsa ta ga hotonsa a tashar Ɗambatta, tsire a hannun dama, tsire a hannun hagu, yana dariya har kunne.

Ya zo bakin shinge da hularsa a karkace.

"Sama'ilu, shekara da shekaru ɓarayin intanet ba su taɓa raba ni da tuwon gidana ba. Kai ka yi a wuni ɗaya."

"Wannan ai gwaji ne, Baba Jaji. Na saki lambar ne da gangan in ga inda za ta ɓulla."

"Ta ɓulla a ɗakina!"

"To ka ga aikin yana kyau."

Sama'ilu ya sake shiri. Ya sa aka tattaro wayoyin gari kaf, ya shiga zaure ya juya wa jama'a baya, ya canza musu lamba ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon shi kaɗai zai sani.

"Ba ta zama doka ba," in ji wani dattijo. "Ba a yi shela ba."

"In aka yi shela ta tashi daga sirri!"

"In ba a yi ba ta tashi daga doka."

Aka yi ta ja har rana ta take. Daga ƙarshe Sama'ilu ya kawo maslaha da ya ce ko manyan ƙasashe ba su kai ga irinta ba. Za a yi shela, amma babu wanda zai ji. Aka kwashe mutanen gari duka aka kai su bayan makabarta, kowa ya toshe kunnensa. Aka ɗaga hular wani babban rumbu da ba komai a ciki, aka zura Iliyasu da gangarsa. Sama'ilu ya raɗa masa lambar, ya ruga ya bi jama'a. Iliyasu ya cika ƙirji ya sauke nauyin da ke kansa. Rumbun ya yi rawa, ƙura ta tashi, muryar ta fita ta bakinsa ta yi sama. A bayan makabarta babu wanda ya ji komai sai ɗan gurnani kamar na hadari mai nisa. Kowa ya gamsu.

Saura mataki na ƙarshe. Guga a buɗe yake, in ji Sama'ilu, kowane ɗan iska yana iya leƙawa. Ya shiga gida ya sunkuci babbar tukunyar ƙarfen da Hure ke dafa abincin suna da ita.

"Ina za ka kai mini tukunya?"

"Aikin ƙasa."

"Ƙasar ba ta da tukunya sai tawa?"

"Za a rubuta sunanki a tarihi."

"A rubuta a jikin murfin, don a san mai ita."

Aka zuba wayoyin gari a ciki, aka kife murfi, aka ɗaure da wayar ƙarfe, 'yan sintiri suka taru suka ja ta sama. Ta tsaya tana lilo a kan reshe kamar wata ya sauko. Tasa wayar kuwa bai haɗa ta da na talakawa ba. Ya sa ta a gwangwanin madara, ya faki ido ya binne a gindin gawon, tsakiyar fursunoni.

Daga ranar shiru ya sauka a Kwarin Gawo. Kullum da la'asar sai Sama'ilu ya sa a sauko da tukunya, ya kara kunne a jikinta, ya ɗago yana murmushi.

"Ko ɗan kutse ɗaya. Ko tari."

"Saƙon taki fa?" in ji Malam Jaji.

"In ya zo za mu ji ƙararsa."

"Ɗana da ke Kano kullum sai ya kira. Shi ma ya daina?"

"Wa ya tabbatar maka ɗanka ne yake kiran?"

Kwanaki suka shuɗe. Babu mai zaƙin murya, babu saƙon cin gasa, babu na ta'aziyya, babu na haihuwa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa. Mutane suna kallon sama suna kallon tukunya. Sama'ilu kuwa ya addabi Dagaci: tun da aka kafa garin nan an taɓa samun zaman lafiya irin wannan? Me ake jira? Taki ai yana hanya, tun da babu ta inda za a sace shi. Dagaci ya gaji, ya ce a yi naɗin a huta.

Aka yi taron a bakin shinge, don tarihi. Sama'ilu ya sha babbar riga ta aro, ya zauna a tabarma. Aka kawo farin rawani mai tsawo, aka fara naɗawa. Iliyasu yana ta kirari: "Garkuwar sama! Mai tukunya a reshe! Na Hure, ba ka barci sai ido ya rufe!" Awaki suna amsawa daga ciki.

An kai rabin naɗi ke nan sai aka ji ƙarar amalanke. Mutanen Tudun Ɗorawa ne, ƙauyen da ke kan tudu gabas da su, waɗanda tun kakanni ba a gama musu a kan wa ya fi wani iya noma ba. Amalanke bayan amalanke, jaki bayan jaki, kowanne da fararen buhuna. Na gabansu, wani dogo mai suna Ikrima, ya tsayar da shanunsa.

"Salamu alaikum. Biki ake? Allah ya sanya alheri. Ashe kun riga mu kwasowa."

"Kwaso me?" in ji Dagaci.

"Taki mana, ranka ya daɗe. Ai tun makon jiya aka turo saƙo. Yau ake rufewa, da la'asar."

Mai naɗi ya saki rawani. Kowa ya juya ya kalli tukunya, sannan ya kalli Sama'ilu.

"Farfaganda ce," in ji Sama'ilu. "Yashi ne a buhunan."

Ikrima ya kwance bakin buhu ya ɗebo ya watsa masa a cinya.

"A sauko da ita!" Dagaci ya daka tsawa.

Jama'a suka yi cikin shinge, awaki suka yi waje, aka haɗu a ƙofa. Da aka kai ga igiya aka tarar fursunoni sun daɗe suna tauna ta, saura zare. Hannu na farko da ya taɓa, ta tsinke. Tukunya ta taho ta daki ƙasa da ƙarar da ta sa shanun Ikrima suka nemi komawa Kunci. Allah ya sa wayoyin irin masu taurin rai ne. Aka ɓalle murfi, kowa ya wawuri tasa. Babu alamar saƙo ko a fuskar guda.

"Kun gani?" in ji Sama'ilu. "Ba a turo ba."

Hure ta ratso mata ta ɗauki murfinta tana duba inda ya lotsa. "Malam, tukunyar nan in na rufe ta ko ƙamshin miya ba ya fita. Saƙo ne zai shiga?"

"A kawo guga!" in ji Malam Jaji. "Tsohon gugan!"

Aka kawo guga. Amma guntun igiyar da ya rage yana can sama yana reto, ba ya isowa ƙasa. A nemo igiya, babu, duk an ɗaure shinge da su. Sai idon Malam Jaji ya sauka a kan Sama'ilu.

"Ga igiya can a kansa."

"Baba Jaji, wannan rawanin sarauta ne!"

"Daga yau na ƙasa ne."

Ya kama bakin rawanin ya ja. Sama'ilu ya shiga juyawa kamar mazari, babbar riga tana buɗewa, yana ihu a kira 'yan sintiri, su kuwa suna cikin masu ja. Wani ya hau ya ƙulla rawanin da guntun igiya, aka cika guga da wayoyi aka ja.

Gugan ko reshen bai gama kaiwa ba wayoyin suka fashe da kuka gaba ɗaya, kamar an taka gidan 'yan tsaki. Saƙonnin mako da makonni suna ta rige-rigen shiga. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka sauke, aka sake cikawa, aka sake ja, har aka gama.

Sai kuma aka yi tsit. Kowace waya tana neman lamba.

"Sama'ilu," in ji Dagaci a hankali, "buɗe mana."

Sama'ilu ya tsaya yana tangaɗi, jiri bai sake shi ba. Ya karɓi wayar Dagaci. Ya kalle ta. Ya kalli sama. Tun ranar rumbu bai sake taɓa lambar ba.

"Akwai huɗu a ciki," ya ce.

"Sai me?"

"Ko kuwa shida ce. Ranka ya daɗe, ka ga ƙarfin tsaron ke nan. Ni kaina na kasa kutsawa."

"Iliyasu! Kai ka yi shelarta!"

Iliyasu ya shafa ƙeya. "Allah ya ba ka nasara, ni da na faɗi magana ta fita ke nan. In ina ajiye su, ina zan sa ta gobe?"

Rana ta karkata. Wani ya fara kuka. Malam Jaji ya tuɓe takalmi ɗaya yana auna nisan da ke tsakaninsa da Sama'ilu, shi kuwa yana ja da baya har ƙaya ta kama rigar aro.

Ikrima, da ke zaune a kan amalanke yana cin gyaɗa, ya ce, "Wai lambar nan kuke nema? Shida, huɗu, huɗu, ɗaya?"

Duk mutanen Tudun Ɗorawa suka amsa baki ɗaya, har da na kan jakuna: "Shida, huɗu, huɗu, ɗaya! Sirri ne!"

Dagaci ya danna. Waya ta buɗe.

"A ina kuka ji?" Sama'ilu ya tambaya, muryarsa ta koma ta ɗan tsako.

"Muna zaune a ƙofar masallaci ta faɗo mana daga sama," in ji Ikrima. "Da ganga da komai. Mun ɗauka gayyata ce. Ni har na sa wa tawa wayar, ta yi mini daɗin riƙewa."

Ashe muryar Iliyasu halin sabis ta ɗauka. Ta tashi daga rumbu, ta tsallake kwari, ta sauka a kan tudu.

Babu wanda ya tsaya dariya, sai daga baya. Babura, kekuna, jakuna, har amalanken Ikrima da aka sauke wa kaya a bakin hanya, duk suka ɗauki hanyar Kunci. Dagaci da kansa ya hau bayan babur, riga a naɗe, yana ta danna wa direba kafaɗa.

Wurin ya rage daga Sama'ilu sai Hure.

"Malam, ina tamu wayar?"

"Tana wuri mai tsaro."

"Ɗauko ta."

Ya shiga shinge ya tsaya. Inda ya binne gwangwanin a fili yake a da. Yanzu kuwa kashin awakin gari na makonni ya rufe gindin gawon, tudu guda, an tattake shi ya yi tauri. Ya tona nan, ya tona can. Hure ta kawo masa fartanya ta koma inuwa ta zauna a kan tukunyarta. Ya yi ta haƙa yana tara abin da ya haƙo gefe, rigar aro ta koma kalar ƙasa. Sai da aka yi kiran la'asar, aka idar, inuwa ta yi tsawo, fartanya ta ce ƙwal.

Ya sa wayar a guga ya ja da rawaninsa. Ta yi ƙara sau ɗaya. Ya sauko da ita ya karanta: ana taya shi murna, ya zo Kunci kafin la'asar.

Gab da magariba jama'a suka dawo da buhuna, an ci sa'a layi ya yi tsawo ba a rufe da wuri ba. Suka tarar da shi zaune a kan tsibin da ya tara, ya harɗe ƙafa kamar mai jiran gaisuwa.

"Sannunku," ya ce. "Kun wahala. Ni nawa takin ga shi. Wannan shi ne asalin shirin tun farko. Taki ne da ba ya bi ta waya. A kawo ɗan kutsen da zai iya sace shi."

"Ga ni," in ji Malam Jaji. "Gonata ce, gawona ne, rabin awakin nawa ne. Sauka."

Dagaci ya raba gardama. Tsibin na Malam Jaji ne da masu awaki. Sama'ilu zai kwashe shi a mangala bisa jaki ya kai gonar kowa, in ya gama, abin da ya maƙale a gindin shinge nasa ne. Batun sarauta kuwa, Dagaci ya ce shi ba ya saɓa alkawari: taki ya shigo gari, rawani na Sama'ilu ne, yana iya zuwa ya gan shi a kan reshe duk lokacin da ya so.

Har yau in ka bi ta Kwarin Gawo za ka ga farin ƙyalle yana reto a jikin gawo, da guga a bakinsa. Kowa ya koma tsohuwar lambarsa, kuma ko mai zaƙin murya ya kira, sai a ce masa ya zo da kansa ya tambayi mutanen Tudun Ɗorawa. Geron Hure ya yi kyau a shekarar, don ta tsaya a kan Malam har sai da ya kankare gindin shingen tas. Shi kuwa yana nan yana ba da labari a tashar Tsanyawa, cewa shi ne mutumin da ya rufe ƙasa guda har ko saƙon gwamnati ya kasa shiga. In ya kai nan, Hure takan leƙo daga rumfar da take sayar da ƙuli, ta ce:

"Gaskiya ne. Malam, jakin yana jira."